Edison, Ford da Firestone: amana ce ta haɗa su ko kasuwa?

Bakanike:
Salam jama'ar zaure. Ina so mu ɗan taɓa maganar abotar Thomas Edison da Henry Ford, don mutane da yawa sun san su ne daban daban, wannan mai ƙwan lantarki wancan mai mota, amma ba kowa ya san cewa Ford yaron Edison ne tun farko ba. A 1891 ya kama aiki a kamfanin wutar lantarki na Edison da ke Detroit, zuwa 1893 ya zama babban injiniya, da rana yana aikin kamfani da dare yana wata 'yar rumfa a gidansa yana haɗa motarsa ta farko. A 1896 aka yi taron kamfanin a New York aka gabatar da shi gaban Edison, aka ce ga wani yaro nan da ya ƙera mota mai amfani da fetur, Edison ya yi ta jefo masa tambayoyi shi kuma yana zana masa a takarda, ƙarshe dattijon ya buga teburi ya ce ya riƙe wannan hanyar kar ya saki. Ku lura fa, mutumin da duk arzikinsa a lantarki yake shi ne ya ce wa yaro ka bi fetur. Ford bai manta da wannan ba har ya mutu. Da gobara ta cinye masana'antar Edison a West Orange a Disambar 1914, Ford ne ya kawo masa rancen maƙudan kuɗi, a 1916 kuma ya je ya sayi gidan da ke jikin na Edison a Fort Myers can Florida don kawai su riƙa hutun sanyi tare. Ni dai a wurina wannan ita ce halacci. Me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Kai amma abin ya burge ni wlh, kalma ɗaya ta ƙarfafa gwiwa ka ga inda ta kai mutum. Shekara nawa ne tsakaninsu?

Bakanike:
16 ne Hajiya. Edison 1847, Ford 1863.

Ɗan Jarida:
Bakanike ka faɗi rabi ka bar rabi. Ban ce babu ƙauna ba, amma ka duba tafiye tafiyen da suka riƙa yi na shiga daji su kafa tanti, su biyun da Harvey Firestone mai taya da wani tsoho marubuci masanin tsuntsaye da itatuwa John Burroughs, daga wajen 1914 har 1924. Sunan abin wai an gudu daga hayaniyar birni za a kwana a daji kamar talakawa, amma ayarin motoci ne ke bin su, da kuku da masu kafa tanti da motar kicin guda, da wani babban teburi mai juyawa, uwa uba da masu ɗaukar hoto na kamfanin Ford. Wa ke zuwa hutu da mai ɗaukar fim? Ana nuna Ford yana saran itace, ana nuna Edison yana barci a ƙarƙashin bishiya, washegari duk jaridun Amurka sun buga. Shi mai karatu me zai ce a ransa, ai nima in sayi mota in fita yawo. Motar wa? Ta Ford. Tayar wa? Ta Firestone. A 1921 har shugaban ƙasa Harding suka ja ya zo sansaninsu, a 1924 suka je wa shugaban ƙasa Coolidge har gidansu a Vermont. Wannan talla ce ɗan'uwa, tallar da ba a biya ko sisi ba.

Bakanike:
To dan Allah in abokinka yana sayar da taya kai kana sayar da mota sai ku ƙi gaisawa don kar a ce talla ce? Firestone ya fara ba Ford taya tun 1906 kafin ma shahararriyar motarsa Model T ta fito a 1908, lokacin duk cikinsu ba wanda ya san inda abin zai kai. Kuma abin da ya kashe tafiyar ma ai taron jama'a ne, sun gaji da yadda ake bin su ko'ina. In talla ce zalla da ba za su daina ba.

Autan Zaure:
Ni dai teburin nan mai juyawa ne ya tsaya min a rai 😂 a daji fa

Ustazu:
Assalamu alaikum. Ni ɓangaren da ya fi jan hankalina shi ne aƙidarsu, don nan ne za ka ga abin mamaki. Edison a 1910 ya yi hira da jaridar New York Times ya fito fili ya ce bai yarda rai yana wanzuwa bayan mutuwa ba, aka yi masa caa daga coci coci, daga baya ya riƙa bayanin cewa shi bai ce babu Mahalicci ba, ya yarda akwai wani Babban Hankali da ke tafiyar da halitta, amma ba irin yadda malaman coci ke siffanta shi ba. Tun yana yaro ya tashi da karatun Thomas Paine, marubucin da ya soki koyarwar coci. Matarsa Mina kuwa 'yar Methodist ce ta gaske mai riƙo da ibada, a gida ɗaya suke. Shi kuma Ford a cocin Episcopal ya tashi, har ƙananan majami'u ya gina ya sa musu sunan mahaifiyarsa Mary da surukarsa Martha, amma da bakinsa ya ce tun yana ɗan shekara 26 ya yarda cewa in mutum ya mutu ransa yana sake dawowa a wani jikin, wanda ko a addinin nasa ba haka aka koyar ba. To ka ga ɗaya yana shakkar ran ma gaba ɗaya, ɗaya yana cewa ran zagayowa yake yi, kuma suka yi shekara 35 ba a ji sun ɓata a kan wannan ba. Allah Ya tabbatar da mu a kan shiriya.

Maman 'Yan Biyu:
Amin Malam. Amma ina da tambaya, ba an ce mutum yana kan addinin abokinsa ba? To ya aka yi su ba wanda ya ja wani?

Ustazu:
Hadisi ne Hajiya, Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. Amma ba aƙida kaɗai ake nufi ba, har ɗabi'a da abin da mutum ya ɗauka da girma a rayuwa. In kin duba ta nan ai sun ja juna sosai. Abin da suka haɗu a kai shi ne aiki, su a wurinsu zaman banza shi ne babban zunubi, sai ƙin giya da ƙin sigari. A 1914 Ford ya buga wani ɗan littafi na yaƙi da sigari ya sa wasiƙar Edison a ciki, inda Edison ke cewa ba ya ɗaukar mai shan sigari aiki.

Ɗan Jarida:
Shi Edison ɗin da ke tauna taba yana kuma zuƙar sigar mai kauri 😂 wai a cewarsa takardar da ake naɗe sigarin ce ke da guba. Malam ka ga irin wa'azin manya.

Autan Zaure:
Yaya Bakanike wai gaskiya ne akwai kwalbar da aka tara numfashin Edison na ƙarshe a ciki? Na taɓa gani an sa a wani wuri na ɗauka ƙarya ce

Bakanike:
Akwai ta Auta, tana gidan tarihin Henry Ford a Dearborn har yanzu. Lokacin da Edison ke jinyar ajali a Oktoban 1931 akwai 'yan kwalaben gwaji a ɗakin kusa da gadonsa, da ya cika sai ɗansa Charles ya sa aka toshe bakinsu, ya aika wa Ford ɗaya. Kuma kafin nan a 1929, cikar ƙwan lantarki shekara 50, Ford ya sake gina ɗakin binciken Edison na Menlo Park sukutum a Dearborn, har ƙasar wurin ya sa aka kwaso a jirgin ƙasa daga New Jersey, shugaba Hoover ya zo, masaniyar kimiyya Marie Curie ta zo, Orville Wright mai ƙera jirgin sama ya zo. Ɗan Jarida ka ce min wannan ma talla ce, mutum ya kwaso ƙasa.

Ɗan Jarida:
Wannan kam na ba ka, so ne. Har ya so ya wuce so ma.

Yaya Babba:
Na jima ina karanta ku ban sa baki ba. Duk kun tsaya a kan ko suna son juna, ni kuma wannan bai dame ni ba, sun so juna mana, ɓarayi ma suna son juna. Tambayata ita ce a cikin duk waɗannan manyan abokan wa ya taɓa kallon idon Ford ya ce masa abin nan da kake yi ba daidai ba ne? Don mutumin nan ya yi abubuwa. Ya sayi jarida mai suna Dearborn Independent, daga Mayun 1920 ta shiga buga maƙaloli mako bayan mako har fitowa 91 tana ɗora wa Yahudawa laifin komai na duniya, yaƙi su ne, bashin banki su ne, har lalacewar kiɗa su ne, kuma dillalan motarsa aka tilasta wa raba jaridar a faɗin ƙasar. Bai janye ba sai 1927 da wani lauya Aaron Sapiro ya maka shi a kotu, sannan ya fitar da takardar neman afuwa ya rufe jaridar. A 1938 ranar cikarsa shekara 75 gwamnatin Hitler ta aiko masa da lambar girma ya karɓa. Har zuwa 1924, jaridar na wannan aiki, ana nan ana kafa tanti ana shan iska tare. Edison da Ford ke jin maganarsa fiye da ta kowa a duniya, da ya tsaya ya ce masa bari, wa ya san abin da zai faru.

Mai Nazari:
Yaya Babba ni fa wannan ɓangaren ban ga laifinsa sosai ba, ai muna ganin abin da ake yi wa Falasɗinawa.

Yaya Babba:
A'a ƙanena kar ka haɗa. Wannan 1920 ne, ƙasar Isra'ila ma sai 1948 aka kafa ta, kuma Ford ba don wani Bafalasɗine ya yi ba, bai ma san da zamansu ba a lissafinsa. Maƙwabtansa yake zagi, tela da ɗan kasuwa da malamin makaranta da ke zaune a Detroit. Takardun da jaridar ta dogara da su kuma na jabu ne da aka ƙirƙira a Rasha, jaridar Times ta Landan ta tona asirinsu tun 1921, amma aka ci gaba da bugawa.

Ustazu:
Gaskiyar Yaya Babba ce. Aya ta 8 a Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Ƙarya ƙarya ce ko a kan wa aka yi ta, kuma zaluncin da wasu suka yi daga baya ba ya mayar da ita gaskiya.

Mai Nazari:
Na karɓa Malam. Amma a yi wa mutumin adalci shi ma, ba shi ne ya ninka albashi ba? Janairun 1914 ya mayar da shi dala 5 a rana daga wajen dala 2 da 'yan kai, ya rage awannin aiki daga 9 zuwa 8, motar da ake sayarwa dala 850 ta sauko har 260, talaka ya hau mota. Kuma ya ɗauki baƙaƙen fata aiki da yawa lokacin da wasu kamfanonin ko ƙofa ba sa buɗe musu.

Ɗan Jarida:
Ya yi, ba wanda ya musa. Amma ka san dalili? Layin haɗa mota mai tafiya da ya kawo a 1913 ya sa aikin ya zama azaba, mutum ya tsaya wuri ɗaya yana ɗaura ƙusa iri ɗaya tun safe, mutane suka riƙa gudu, a shekarar sai da ya ɗauki sama da mutum dubu 50 don ya riƙe ma'aikata wajen dubu 14. Kuma dala 5 ɗin da sharaɗi take, akwai wani sashe da ya kafa masu bi gida gida suna duba ko kana shan giya, ko gidanka da tsafta, ko kana tara kuɗi, ko da gaske matar da ke ɗakin taka ce. In ba ka ci jarrabawarsu ba rabin kuɗin ya tafi. Wato tarbiyyar da shi ya yarda da ita sai ya saye ta da albashi ya ɗora wa mutane. Da ma'aikata suka zo neman haƙƙi kuma, Maris 1932 aka buɗe wa masu zanga zangar yunwa wuta a ƙofar masana'antarsa ta River Rouge mutum 4 suka mutu nan take, a 1937 'yan daban Harry Bennett, shugaban masu tsaron kamfanin, suka lakaɗa wa shugabannin ƙungiyar ƙwadago duka a kan gada a gaban masu ɗaukar hoto.

Bakanike:
Wannan aikin Bennett ne, ka san an ce ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Yaya Babba:
Haba Bakanike, wa ya ɗauko bafaden ya ba shi ofis? Wa ya fifita shi a kan ɗansa na cikinsa Edsel, wanda baƙin ciki da ciwo suka haɗu suka kashe yana da shekara 49 a 1943? Sarkin da ya zaɓi bafadensa da hannunsa ba shi da wannan uzurin.

Maman 'Yan Biyu:
To wai duk a cikinsu ba mai tsoron Allah ko ɗaya ne? Kun sa jikina ya yi sanyi, da farko har na fara cewa zan ba yarana labarin

Ustazu:
Ki ba su na George Washington Carver Hajiya. Baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta, ya zama masanin noma a makarantar Tuskegee a Alabama, yana koya wa talakawan manoma yadda za su farfaɗo da ƙasar da auduga ta cinye ta hanyar shuka gyaɗa da dankali. Kirista ne mai ibada, yana karantar da ɗalibai littafinsu ranar Lahadi, kuma kullum cewa yake Mahalicci ne ke nuna masa sirrin tsirrai. Abin da ya tara a rayuwarsa ya mayar wa asusun bincike a makarantar. Sun haɗu da Ford a 1937 suka shaƙu, da tsufa ya kama shi hawa bene ya gagare shi Ford ya sa aka saka masa lifta a ginin da yake zaune. To ka ga mutum ɗaya, ga abin da ya yi wa Carver ga abin da ya yi wa wasu. Shi ya sa ba na gaggawar yanke wa ɗan Adam hukunci dunƙule.

Mai Nazari:
Firestone fa, shi ba a ce komai a kansa ba

Ɗan Jarida:
Shi nasa a Afirka ya sauke. Bayan Ingila ta taƙaita fitar da roba daga yankunan da take mulka a 1922 farashi ya tashi, sai abokan nan uku suka shiga neman mafita. A 1927 kowannensu ya zuba dala dubu 25 suka kafa wa Edison wurin bincike a Fort Myers, tsoho ɗan shekara 80 ya gwada tsirrai wajen dubu 17 yana neman wanda zai ba da roba a ƙasar Amurka. Ford ya tafi Brazil ya kafa gari guda a dajin Amazon a 1928 ya sa masa Fordlandia, ya hana giya ya kawo musu tsarin cin abinci da agogon Amurka, ma'aikata suka yi bore, cuta ta cinye itatuwan, aka tattara aka bar wurin a 1945. Firestone kuwa a 1926 ya samu yarjejeniya da Laberiya, eka har miliyan 1, shekara 99, senti 6 kowace eka, aka haɗa wa ƙasar da bashin dala miliyan 5 wanda ya sa Amurkawa suka zauna a kan kuɗin shigarta, ana biyan sarakunan gargajiya su kawo lebura. Garin da gonar take ma Harbel, daga sunansa Harvey da na matarsa Idabelle aka yanko. Su uku suna zaune a inuwa a Florida suna hirar roba, ka tambayi mai tsaga bishiyar a can ko ya san da wata abota.

Bakanike:
Kun taru a kaina yau 😅 Amma Yaya Babba bari in amsa tambayarka, don akwai waɗanda suka faɗa masa. Tsohon nan Burroughs a tafiyar 1919 ya rubuta a littafin ajiyarsa yadda Ford ke ta ɗora wa Yahudawa komai a bakin wuta da dare, har Ford ya kawo sunan attajirin jirgin ƙasa Jay Gould a matsayin misali, Burroughs ya ce masa a'a, Gould tare muka yi makaranta muna yara kuma ba Bayahude ba ne. Sai matarsa Clara, a 1941 da yajin aiki ya rufe River Rouge Ford ya rantse gara ya kulle kamfanin da ya sa hannu da ƙungiyar ƙwadago, ita ce ta ce in bai sa hannu ba za ta bar masa gidan, ya sa.

Maman 'Yan Biyu:
Yawwa, ashe dai mace ce ta iya da shi 👏 a rubuta wannan da manyan baƙi

Yaya Babba:
Na yarda da waɗannan biyun, kuma ka lura duk ba masu kuɗin ba ne, tsoho ne ɗan shekara 82 da ba ya neman komai a wurinsa, sai matar da ta san shi tun ba shi da ko taya ɗaya. Akwai na uku ma da ya fi burge ni. Leo Franklin, limamin Yahudawan Detroit, tsohon maƙwabcinsa ne a unguwa ɗaya, Ford ya saba aika masa sabuwar mota kyauta. Da jaridar ta fara wannan aiki a 1920 ya yi ƙoƙarin ganar da shi abin bai yiwu ba, sai kawai ya mayar masa da motar. Wai Ford har waya ya buga yana tambayarsa ko wani abu ya shiga tsakaninsu ne. Ku ji fa, mako mako ana zagin mutanen mutum da kuɗinka kuma kana mamakin don me ya dawo da mota. Wanda ya kai nan ba a saba gaya masa gaskiya ba ne, kuma laifin wannan yana wuyan waɗanda ke zama da shi kullum suna dariya.

Bakanike:
Amma Yaya kar ka manta Edison kurma ne fa kusan gaba ɗaya, sai an yi masa ihu a kunne, ƙila rabin hirar bakin wutar ma bai ji ba

Ɗan Jarida:
Kurma ne amma ai yana karanta jarida 😂 mutumin da aka ce ba ya wuce shafi

Autan Zaure:
To yanzu zuri'arsu suna tare ko kowa ya kama gabansa?

Ɗan Jarida:
Sun ma zama dangi Auta. A 1947 jikan Ford, William Clay, ya auri jikar Firestone mai suna Martha, ɗansu Bill Ford shi ne ya zo ya shugabanci kamfanin Ford. Abin dariyar kuma yana kan kujerar a 2001 lokacin da rikicin tayoyin da ke fashewa a motar Ford ƙirar Explorer ya yi zafi, mutane sun mutu, kowane kamfani yana tura wa ɗayan laifi, Firestone wanda a lokacin ya riga ya koma hannun Bridgestone ta Japan ya rubuto takarda ya ce ya daina sayar wa Ford taya. Cinikin kusan shekara 95, kuma mai jinin gidajen biyu yana zaune a wurin.

Bakanike:
Wannan kamfanoni ne suka ɓata ba mutanen ba, su sun riga sun mutu da amanarsu. Ni har yanzu ina kan bakana a kan 1896.

Yaya Babba:
Zauna a kai ƙanena, ba wanda ya ce ka sauka. Ni ma ina kan motar Franklin.

Maman 'Yan Biyu:
Malam Ustazu dan Allah in ka samu lokaci ka ƙaro mana bayanin Carver ɗin nan, musamman yadda ya yi karatu bayan an 'yanta su, shi nake so in karanta wa yaran